Dakta Rupert East: Baturen da ya tsaya sai da haruffan Hausa suka sami ƙugiya

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama gaban kwamfuta a Abuja domin ya shirya wa maigidansa jawabi ko sanarwa da Hausa ya san wahalar haruffa uku, wato ɓ da ɗ da ƙ. In ya tsaya nemansu aiki ya ja lokaci, in kuwa ya bar su, sai ƙasa ta koma kasa, faɗa ya koma fada, ɗari ya zama dari. Yaron da ke aji ɗaya a makarantar firamare ta Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira a ƙasar Katagum, yana koyon waɗannan haruffa tamkar da su aka halicci harshen, alhali kuwa shigarsu rubutun Hausa ba ta kai shekara 100 ba. An yi muhawara a kansu, an gwada wasu alamomin kafin su, sa'an nan aka tsaya a kansu. Cikin waɗanda suka fi kowa tsayawa har aka kai ga haka akwai wani jami'in ilimi na Ingila, Rupert Moultrie East, wanda ɗaliban Hausa suka fi sani da Dakta R. M. East. Shi ne kuma mutumin da ke bayan ƙagaggun littattafan Hausa biyar na farko, da Magana Jari Ce, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Kamfanin Gaskiya na Zariya.

Rubutun da ya tarar

An haifi East a Ingila a shekarar 1898, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, sa'an nan ya shigo Arewacin Nijeriya a cikin shekarun 1920 a matsayin jami'in sashen ilimi. Ƙasar da ya shigo ta daɗe da sanin alƙalami. Tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa malaman Borno da na ƙasar Hausa suke rubuta Alƙur'ani da ka, cikin wani salon rubutu mai kauri da ya samo asali daga rubutun Magrib, bisa ruwayar Warshu. A wannan salo harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin yadda ake yi a Masar da sauran ƙasashen gabas. Alaramma yakan fere alƙalaminsa da kansa, ya dafa tawadarsa, ya rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, ya bi wasulla da ja, ya ɗiga hamza da rawaya. Takardar da aka fi so ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake sarrafawa a arewacin Italiya, fatake su ratso da ita Sahara. Ba a ɗinke shafuka, sai a tara su a cikin gafaka ta fata. A wuraren da aka raba Alƙur'ani kashi-kashi kuma akan yi zayyana mai murabba'i da da'ira, irin wadda ake yi wa allon mai sauka.

Ƙasar Katagum, da take tsakanin Kano da Borno, tana cikin tsakiyar wannan al'ada ta tsangaya, kuma har yau ana rubuta allo a Azare da Shira da Yana kamar yadda kakanni suka yi. Da irin wannan rubutu ne aka rubuta Hausa da ajami. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na 'yarsa Nana Asma'u da shi suka yaɗu, wasiƙun fatake da shi suke tafiya daga Kano zuwa Gwanja. Malaman ajami sun riga sun gane cewa Hausa tana da sautukan da Larabci ba shi da su, suka kuma yi musu dabara. Sun ba ƙ harafin ƙaf, sun ba ɗ harafin ɗa mai hannu, sun yi amfani da ɗigon imala wajen nuna wasalin e. Abin da ya rage shi ne ba a taɓa zama an daidaita ƙa'ida guda ba, kowane gari da yadda malamansa suke yi.

Boko kafin zuwansa

Rubuta Hausa da haruffan Rumawa ya faro ne a hannun 'yan mishan. James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi wa Cocin Ingila aiki, ya buga nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Charles Henry Robinson ya biyo baya da nasa ƙamus a ƙarshen ƙarnin. Kowannensu da yadda kunnensa ya ji Hausa, kuma da yawa daga cikin Turawan farko ba su rarrabe k da ƙ ko d da ɗ sosai ba. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugard ta zaɓi boko ya zama rubutun ofis. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jami'an mulki ba su iya karanta ajami ba, keken rubutun da ke ofisoshinsu na haruffan Turanci ne, haruffan dalma na maɗaba'a ma haka.

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa, Kano, a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Amma sautukan nan uku sun ci gaba da zama ƙarfen ƙafa. Wasu littattafai sukan sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su rataya masa waƙafi a sama. Babban ƙamus na G. P. Bargery, da ya fito a 1934 da kalmomi wajen 39,000, hanyar waƙafi ya bi. Kowace hanya da aibinta. Ɗigo ƙaramin abu ne, yakan ɓace in tawada ta yi ƙaranci ko takarda ta zama mai arha, kuma mai rubutu da hannu yakan manta da shi. Waƙafi kuwa yana tsinka kalma gida biyu a idon mai koyon karatu, ga shi kuma an riga an ba shi wani aikin, na nuna tsayawar murya a kalmomi irin su sa'a da jama'a. Haka East ya tarar da boko, rubutu ne da hukuma ta ɗora wa jama'a, ba shi da tsayayyar siffa, ba shi kuma da littattafan da za su sa mutum ya so ya koye shi.

Daga Binuwai zuwa Zariya

East bai fara da Hausa kaɗai ba. Ya yi aiki a ƙasar Tibi cikin Lardin Binuwai, ya koyi harshensu har ya fassara zuwa Turanci tarihin da Akiga Sai ya rubuta game da mutanensa, aka buga shi a 1939 da sunan Akiga's Story. Ya kuma tattara labaran tarihin Adamawa da Fulatanci ya fitar da su a littafi. Wannan ya nuna irin tunaninsa tun da wuri, cewa mutanen ƙasa su ya kamata su rubuta abin da za a karanta a ƙasarsu, da harshensu, shi kuma aikinsa ya gyara ya buga.

A 1929 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara domin samar wa makarantu littattafai. Da hukumar ta zauna a Zariya aka damƙa wa East jagorancinta. Aikin farko shi ne juya littattafan Larabci da na Turanci zuwa Hausa. Daga nan aka sami Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu, wanda ya ƙunshi tarihin Kano da na wasu dauloli da aka ciro daga rubuce-rubucen Larabci tare da taimakon malamai. East da kansa ya shirya littafin wasannin kwaikwayo guda shida domin 'yan makaranta. Sai dai bai daɗe ba ya fahimci cewa fassara kaɗai ba za ta haifar da masu karatu ba. Yaro yakan gama elementare ya iya haɗa baƙi, ya koma gida ya rasa abin karantawa, bayan 'yan shekaru karatun ya zube. A 1933 aka sauya wa hukumar suna ta koma Hukumar Talifi, aikinta ya tashi daga fassara ya koma neman sababbin marubuta.

Yadda aka sami ƙugiya

A daidai wannan lokaci ana wata muhawara a Turai. A 1926 an kafa wata cibiya a Landan domin nazarin harsuna da al'adun Afirka, Vischer yana cikin shugabanninta, haka ma masanin harsuna na Jamus, Diedrich Westermann. Cibiyar ta fitar da shawarar haruffa domin harsunan Afirka, ta sake bugawa da gyara a 1930. Ƙa'idarta ita ce kowane sauti ya sami harafinsa guda, a guji ɗige-ɗige da alamomin da ake liƙa wa harafi a sama ko a ƙasa. East, wanda kullum yake fama da masu ɗab'i da malaman makaranta, ya ga amfanin wannan ƙa'ida. Bayan shawara da masana irin su Westermann, aka tsaya a kan a lanƙwasa kan b da d da k, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Arewa ta karɓi haruffan, littattafan Zariya suka fara fitowa da su.

Hikimar ƙugiyar tana ga sauƙinta. Harafin bai rabu da ɗan'uwansa ba, wanda ya san b zai gane ɓ nan take, ya kuma gane cewa akwai bambanci. Hannu yana yin ta a jan alƙalami guda ba tare da ya ɗaga ya koma ba, saboda haka ba a cika mantawa da ita ba kamar ɗigo. A shafi kuma kalma tana tsayawa a dunƙule. Kuɗin da aka biya shi ne na ƙarfe. A zamanin ɗab'in dalma kowane harafi ɗan ƙarfe ne da ake zubawa a cikin ma'auni, mai haɗa shafi ya tsinto shi da hannu ko inji ya zubo shi. Sabon harafi yana nufin a zana shi, a sassaƙa ma'auninsa, babba da ƙarami, tsaye da gicciye, siriri da mai kauri, a kowane girman da maɗaba'a take aiki da shi. Keken rubutu ma sai an cire wasu maɓallai an dasa sababbi. Duk wannan daga Turai ake yo odarsa. Wanda ya zaɓi ƙugiya ya zaɓi hanya mai tsada ga hukuma, mai sauƙi ga yaron da ke koyon karatu.

Akwai abubuwan da aka bari da gangan. Rubutun bai nuna tsawon wasali ba, bai kuma nuna karin sauti ba, shi ya sa baƙi na launi da baƙi na masu ziyara suke da siffa ɗaya, sai jimla ta raba gardama. An ɗauka cewa Bahaushe ba ya bukatar a nuna masa abin da kunnensa ya riga ya sani, kuma shafi mai cike da alamomi yana korar mai karatu. A nan ajami ya fi boko, domin shi yana nuna dogon wasali. Sauti na huɗu, wanda ke farkon 'ya'ya, an bar shi da waƙafinsa a Nijeriya, ita kuwa Jamhuriyar Nijar daga baya ta yi masa ƙugiya, take rubuta ƴ. Karin harshen Kano shi aka ɗauka ya zama ginshiƙin daidaitacciyar Hausa.

Gasar 1933

Harafi ba ya rayuwa sai da abin karantawa. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana ganawa da malamai da ma'aikatan En'e, yana neman su rubuta ƙagaggun labarai domin gasa. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu. A wurin malamin wancan zamani rubutu abu ne na addini da shari'a da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara da dare, ba abin da dattijo zai ɓata tawada a kansa ba. Duk da haka rubuce-rubuce suka iso Zariya, aka zaɓi waɗanda aka buga. Abubakar Imam, malamin Midil ta Katsina mai shekara 22, ya kawo Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya kawo Ganɗoki. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi. Daga Bauci wani matashin malamin makaranta, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya aiko da Shaihu Umar, labarin bauta da rabuwar uwa da ɗa, shekara 20 da 'yan kai kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Na biyar, Jiki Magayi, John Tafida na Wusasa ya rubuta shi tare da East kansa.

East edita ne mai sa hannu sosai. Yakan rage, ya sake tsari, ya mayar wa marubuci da aikinsa ya ce a gyara. Yana son gajerun jimloli da Hausar da ake magana da ita a kasuwa da zaure, yana ƙin cusa Larabci ko Turanci inda Hausa take da kalmarta. Littattafan ƙanana ne, marasa tsada, waɗanda za su shiga aljihun riga. Wannan ma shawara ce ta tsari, domin littafin da malamin elementare zai iya saya daga albashinsa shi ne zai kai ƙauye.

A cikin marubutan biyar, Imam ne ya fi ɗaukar hankalinsa. A 1936 ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina, Imam ya zo Zariya ya yi wata shida. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, Imam ya karanta, ya narka su, ya sake ƙera su a cikin fadar wani sarki da bakin wani aku. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937, kuma har yau da shi ake auna zubin Hausa. Zane-zanen da tsararraki suka san littafin da su, na sarakuna da rawuna da dawaki da zaurukan ƙasa, aikin wata mai zane ce 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda ta zama matar East. Ga yara da yawa a Arewa, a nan suka fara ganin mutane masu kama da iyayensu a cikin littafin boko.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

Tun 1932 gwamnati take fitar da wata jarida mai harsuna uku, Hausa da Larabci da Turanci, wadda yawanci sarakuna da ma'aikatansu ne suke ganinta. Yayin da yaƙin duniya na biyu ya ƙarato, jita-jita ta yi yawa a Arewa, har ana cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Hukuma tana son hanyar isar da nata bayanin, East kuma yana son abin da zai riƙe masu karatu kowane wata. Bukatun biyu suka haɗu a watan Janairun 1939, aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editan Hausa, East yana kula da ita. Sunan da kansa talla ne, domin kwabo ɗaya ake sayar da ita.

A shafukan wannan jarida ne sababbin haruffa suka zama na kowa. Littafin makaranta ɗalibi kaɗai yake gani, jarida kuwa tana shiga kasuwa da barikin soja da ofishin hakimi, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi goma su saurara. Sojojin Arewa da aka kai Gabashin Afirka da Bama sun riƙa samunta, suna kuma aiko da wasiƙu. Shafin wasiƙu ya zama dandalin da malaman makaranta da akawuna suka fara koyon yi wa hukuma magana a rubuce. A nan aka saba da kanun labari, da jera rubutu a ginshiƙai, da hoto mai bayani a ƙarƙashinsa, abubuwan da littafin ajami bai san su ba, shi da yake tafiya daga bismilla har tammat ba tare da yankewa ba. A nan kuma aka ƙera ko aka daidaita kalmomi masu yawa na mulki da siyasa da yaƙi waɗanda gidajen rediyo suka gada. Masu jaridar sun san cewa masu karanta ajami sun fi masu boko yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa aka riƙa haɗawa da 'yar takarda ta ajami domin su.

Tukur-Tukur

Burin East ya wuce ofis guda a ƙarƙashin sashen ilimi. Yana son gidan ɗab'i cikakke a Arewa, inda za a rubuta, a gyara, a zana, a haɗa shafi, a buga, a ɗinke, duk a wuri ɗaya. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, shi ne shugabansa na farko. An kawo injuna, an gina gidajen ma'aikata, an ɗauki samarin Arewa suna koyon haɗa haruffa da gyaran kurakurai da sarrafa inji. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. East da Imam suka kuma haɗa hannu suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittu da ilimin kimiyya da Hausa mai sauƙi, ya nuna cewa harshen zai iya ɗaukar abin da ake cewa sai Turanci.

Zaman bai rasa tsamin rai ba. Kamfanin yana tsakanin masu iko da ba sa son a taɓa su, wato gwamnatin mulkin mallaka da sarakuna, da kuma matasa 'yan boko da suke ganin jaridar ta cika taka-tsantsan. Imam kansa, bayan tafiyarsa Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo da ƙarin ƙarfin gwiwar faɗin matsalolin Arewa. Siyasar jam'iyyu ta kunno kai, ma'aikatan Gaskiya da dama suna cikinta. A farkon shekarun 1950 East ya ajiye aiki ya koma Ingila, inda ya zauna har rasuwarsa a 1975.

Abin da ake yaba masa da abin da ake tuhumarsa

Masana ba su haɗu a kan hukunci guda game da shi ba. Masu yabonsa suna nuna cewa ya ɗauki Hausa da muhimmanci a lokacin da wasu jami'ai suke ganin harsunan Afirka matakala ce kawai zuwa Turanci, ya nemo marubuta 'yan ƙasa, ya sa sunayensu a bangon littafi, ya kuma bar musu maɗaba'a. Masu sukarsa suna cewa duk abin da ya yi a cikin tsarin mulkin mallaka ya yi shi, kuma shi ne yake yanke abin da ya dace Bahaushe ya karanta. Suna ƙarawa da cewa salon da ya fi so, na labarin nishaɗi mai saukin kai, ya daɗe yana takaita abin da ake ɗauka adabi ne.

Tuhuma mafi nauyi ita ce ta ajami. Ba East ne ya zaɓi boko ba, an yi wannan tun yana yaro. Amma nasarar da ya samu wajen gyara boko da cika shi da littattafai ita ta tabbatar da rinjayensa. Kuɗin hukuma da injunanta suka tafi wajen ƙawata rubutu guda, ɗayan kuma aka bar shi a hannun alarammomi da masu buga littattafan kasuwa. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, sai aka wayi gari takardun hukuma suna lissafa shi cikin jahilai. Wannan rauni bai warke ba. An gan shi a 2007 lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, ya maye gurbinsa da boko, an kuma sake ganinsa a 2014 a kan sabuwar naira 100. Gardamar da ta biyo baya ta nuna cewa har yanzu akwai 'yan ƙasa da suke kallon rubutun a matsayin Larabci, alhali Hausa ce tsantsa take faɗin adadin kuɗin.

Gadon da ya bari

Abin da aka dasa a Tukur-Tukur ya yi rassa. Hukumar NORLA ta gaji aikin talifi a shekarun 1950, a zamanin Yaƙi da Jahilci, ta riƙa fitar da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, da Zumunta ta Lardin Bauci, wadda ƙasar Katagum take ciki. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa domin kula da ƙa'idojin rubutu. A 1966 kamfanin NNPC na Zariya ya karɓi buga littattafan, a shekarar kuma taron da UNESCO ta kira a Bamako ya duba daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe. A farkon shekarun 1980, da aka so a samar da haruffan ɗab'i guda da za su ɗauki manyan harsunan Nijeriya, an kai aikin ga Hermann Zapf, Bajamushen da ya zana haruffan Palatino da Optima, kuma ɓ da ɗ da ƙ suna cikin abin da ya zana. Yau suna cikin tsarin Unicode da kwamfutoci da wayoyin duniya suke aiki da shi, manyansu da ƙananansu.

Wato matsalar da ta sa East ya yi ta fama da masu zuba dalma ta kau. Abin da a da sai an yi odarsa daga Turai, a jira jirgin ruwa, yanzu yana cikin wayar da ke aljihun kowane ma'aikaci, in ya sa allon rubutu na Hausa. Duk da haka haruffan suna ɓacewa daga allunan ma'aikatu, da sanarwar lafiya, da takardun wayar da kan masu zaɓe, da fastocin da ake bugawa da kuɗin gwamnati. Wani lokaci mai tsara shafi yakan zaɓi salon haruffan da ba shi da su, sai kwamfuta ta aro ƙ daga wani salon, ta fito a karkace a tsakiyar kalma, ko ta bar ɗan akwati a gurbinta. Wanda ya iya Hausa sosai zai cike giɓin da kansa. Mai koyon karatu a ajin manya, ko yaron da ke haɗa baƙi a Yana, shi ne yake tuntuɓe, kuma dominsa aka yi ƙugiyar tun farko.

Yawancin takardun Hausa da gwamnatin tarayya take fitarwa suna bi ta hannun mataimaka da jami'an yaɗa labarai da masu fassara. Su ne a yau suke zaune a kujerar da East da Imam suka zauna, su suke yanke ko za a tura wa maɗaba'a rubutu da haruffansa cikakku, ko kuwa a ce ai za a gane. Kafin a ba da kwangilar buga fosta ko littafin bayani, tambaya ɗaya ta isa, wato ko salon haruffan da za a yi aiki da shi yana da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana.